Stu Ungar

Stuart Errol Ungar, wanda aka fi sani da Stu Ungar (8 ga Satumba, 1953 – 22 ga Nuwamba, 1998), ƙwararren ɗan wasan karta ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi suna a wasannin gin rummy da poka. Ya lashe babbar gasar World Series of Poker sau uku, a 1980 da 1981 da kuma 1997. Bayan shi, Johnny Moss kaɗai ke riƙe da kambun nan sau uku, sai dai na farkon Moss a 1970 ƙuri'a 'yan wasa suka kaɗa suka ba shi.

An san Ungar da zafin wasa. Yakan shiga da katunan da wasu za su zubar, kuma yakan ƙara kuɗi a kai a kai har abokin karawa ya rasa inda zai sa kansa, musamman idan mutanen da ke tebur sun ragu zuwa uku ko biyu. Masana wasan da dama suna sa shi a sahun farko na 'yan karta da aka taɓa yi. Duk da miliyoyin dalolin da suka ratsa hannunsa, ya mutu yana da shekara 45 bai bar dukiya ba, bayan ya daɗe yana fama da shan hodar iblis da cacar wasanni.

Farkon rayuwa

An haifi Ungar a Manhattan da ke birnin New York, ya kuma tashi a unguwar Lower East Side. Iyayensa Yahudawa ne. Mahaifinsa yana da mashaya wadda ita ce kuma matattarar 'yan caca, yana karɓar cacar wasanni, yana ba da bashi da ruwa. A nan yaron ya fara ganin karta da lissafin kuɗi tun yana ƙarami, ko da yake mahaifin bai so ya bi wannan hanya ba. Ya nuna kaifin ƙwaƙwalwa a makaranta har aka tsallakar da shi aji, kuma yana ɗan shekara 10 ya ci wata gasar gin rummy.

Mahaifinsa ya mutu sakamakon bugun zuciya lokacin Stu yana da kimanin shekara 13. Daga baya mahaifiyarsa ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Ungar ya bar makaranta a aji na 10 na tsarin Amurka, wato kafin ya kammala sakandare, ya koma buga karta a kulob-kulob na New York don ya ciyar da gida.

Yana kimanin shekara 18 ya haɗu da Victor Romano, wani mutum mai alaƙa da gungun masu aikata manyan laifuka, wanda shi ma gwanin karta ne. Ana ba da labarin cewa Romano yana iya kawo harrufa da ma'anar kusan kowace kalma da ke cikin ƙamus. Romano ya zama ubangidansa kuma mai kare shi. Ungar yana buƙatar wannan kariya, domin ƙaramin jiki gare shi, ga shi kuma yana da halin yi wa wanda ya ci ba'a a gaban jama'a.

Gin rummy

Gin rummy wasa ne na mutum biyu. Kowa yana riƙe kati 10, yana ɗauka yana zubarwa, har sai ya haɗa katunansa zuwa jeri ko zuwa rukunin masu lamba ɗaya. Gwaninta a wasan ita ce mutum ya tuna duk abin da aka zubar da wanda aka ɗauka, ya gane abin da ke hannun abokin karawarsa ba tare da ya gani ba. A wannan fanni Ungar ya yi zarra. Zuwa 1976 ana ɗaukarsa cikin waɗanda suka fi kowa iya wasan a New York.

Abin da yake ci a karta yakan kai shi filin tseren dawaki ya zubar. Bashin da ya taru a kansa ne ya sa ya bar New York ya koma Miami, daga nan kuma ya wuce Las Vegas a 1977. Karawarsa da ta fi shahara ita ce wadda ya yi da Harry Stein, wanda ake yi wa laƙabi da Yonkie, ake kuma ganin babu kamarsa a lokacin. An ruwaito cewa Ungar ya ci shi wasa 86 ba tare da Stein ya ci ko ɗaya ba.

Wannan nasara ta toshe masa hanyar abinci. Masu neman kuɗi da karta sukan ɓoye gwanintarsu, su bari a ci su wani lokaci don abokin wasa ya dawo gobe. Ungar bai iya haka ba, burinsa ya murƙushe mutum gaba ɗaya. Da mutane suka daina zama da shi, sai ya fara yi musu rangwame, kamar ya bar abokin karawa ya leƙa katin ƙarshe na ƙasan tuli, ko ya yi alkawarin mayar da wani kaso na abin da ya ci. Duk da haka masu yarda su kara da shi suka yi ƙaranci. Wasu gidajen caca ma sun roƙe shi ya daina shiga gasarsu, don jin sunansa kaɗai yana hana mutane yin rajista. Haka aka yi masa a wasan blackjack, inda iya ƙidayar katunan da suka fita ya sa gidaje da yawa suka hana shi zama. Rashin abokin wasa ne ya tura shi zuwa poka.

Gasar 1980 da ta 1981

An fara gasar World Series of Poker a 1970 a gidan caca na Binion's Horseshoe da ke Las Vegas. Babban wasanta shi ne Texas hold'em marar iyaka, kuɗin shiga kuwa dala 10,000. A wannan wasa ana ba kowa kati biyu a rufe, a yi zagayen zuba kuɗi. Sai a buɗe kati uku a tsakiyar tebur, sannan na huɗu, sannan na biyar, ana zuba kuɗi bayan kowane buɗi. Wanda ya haɗa kati biyar mafi ƙarfi daga nasa biyu da na tsakiya shi ke kwashe kuɗin, sai fa idan sauran duk sun janye kafin a kai ƙarshe. A gasa ana wasa ne da ƙwandalolin roba da ke wakiltar kuɗi, wanda nasa suka ƙare ya fita.

A 1980 mutum 73 suka shiga. Ungar, wanda bai daɗe da fara wannan nau'in wasa ba, ya kai ƙarshe tare da Doyle Brunson, zakaran 1976 da 1977. A hannun ƙarshe Brunson yana riƙe da A da 7, Ungar kuma 5 da 4 masu alama ɗaya. Katunan farko na tsakiya suka fito A, 7, 2, wato Brunson ya sami tagwaye biyu. Bai zuba kuɗi mai yawan da zai kori Ungar ba, shi kuwa ya biya ya ga kati na huɗu. Da 3 ta fito sai Ungar ya haɗa jerin A, 2, 3, 4, 5, domin katin A yana iya zama mafi girma, yana kuma iya tsayawa a matsayin 1. Brunson ya tura duk abin da ke gabansa, katin ƙarshe bai cece shi ba. Ungar ya karɓi dala 365,000 yana da shekara 26, ya zama zakara mafi ƙarancin shekaru, har zuwa 1989 da Phil Hellmuth ya ci yana da 24. Saboda ƙuruciyar fuskarsa aka laƙaba masa The Kid, ma'ana Yaro.

A 1981 ya kare kambunsa cikin 'yan wasa 75, inda ya doke Perry Green a ƙarshe ya sami dala 375,000. A shekarar ya kuma ci gasar Deuce to Seven Draw, a 1983 kuma ya ci ta Seven Card Stud. Ban da waɗannan, ya lashe babban wasan gasar Super Bowl of Poker ta Amarillo Slim sau uku, a 1984 da 1988 da 1989. A wancan zamani ita ce gasa ta biyu a daraja.

Salon wasansa

Galibin 'yan poka na zamanin Ungar masu jira ne. Sukan zubar da yawancin katunan da aka ba su, sai sun sami manya kamar A biyu, K biyu, ko A da K. Ungar ya saba wa wannan. Yakan shiga hannu da yawa, kuma idan zai shiga ya fi son ya ƙara kuɗi maimakon ya biya daidai abin da aka zuba. Ana iya fahimtar dalilin nasarar wannan salo ta hanyar lissafi.

A kowane hannu mutum biyu ne ke zuba kuɗin dole kafin su ga katinsu, ƙarami da babba, kuma wannan nauyi yana zagayawa. Idan ƙaramin 50 ne, babban 100, to a tebur mai mutum 10 kowa yana biyan 150 a cikin hannu 10, wato 15 a kowane hannu. Idan mutum uku suka rage, 150 ɗin a hannu uku ake biyansa, wato 50 a kowane hannu. Idan biyu ne ya koma 75. Mai jiran manyan katuna a ƙaramin tebur kuɗin dole ne zai cinye shi, domin tagwaye kowane iri sau ɗaya suke zuwa cikin hannu 17.

Darajar katin kanta tana canzawa da yawan mutane. Akwai hanyoyi 1,326 da kati biyu za su iya haɗuwa daga cikin 52, waɗanda suka kasu iri 169. Wanda ke riƙe da A da ƙaramin kati, kamar A da 4, idan yana fuskantar mutum tara, yiwuwar wani daga cikinsu yana da A ta kai kusan kashi 75 cikin 100, kuma sau da yawa na wancan zai zo da abokin kati mafi girma. Idan mutum ɗaya yake fuskanta, yiwuwar ba ta wuce kashi 12 cikin 100 ba. Saboda haka katin da ya kamata a zubar a cikakken tebur yakan zama na ƙara kuɗi idan an rage biyu ko uku.

Abu na uku shi ne, wanda ya shiga da katuna biyu mabambanta, kusan kashi 32 cikin 100 ne kawai yake dacewa da tagwaye a buɗin farko. Sau biyu cikin uku ke nan babu abin da ya samu. Idan duka 'yan wasan biyu ba su sami komai ba, wanda ya riga zuba kuɗi shi ya fi kwashe na tsakiya. Ungar ya gina wasansa a kan wannan, ya haɗa da iya karanta mutum da ya koyo daga gin rummy.

Misalin da aka fi kawowa shi ne karawarsa da Mansour Matloubi, zakaran 1990, a farkon shekarun 1990, inda kowannensu ya ajiye dala 50,000. Katunan tsakiya sun kasance 3, 3, 7, K, Q. Matloubi ya tura duk kuɗinsa a ƙarshe. Ungar yana riƙe da 10 da 9 kawai, bai haɗa komai ba, amma ya biya, don ya gane daga yadda wasan ya gudana cewa Matloubi jeri yake nema da ƙananan katuna bai samu ba, burga ce kawai yake yi. Da aka buɗe, 4 da 5 ne a hannun Matloubi.

Mai iyaka da marar iyaka

Poka iri biyu ce ta fuskar zuba kuɗi. A marar iyaka mutum yana iya tura duk abin da ke gabansa a kowane lokaci. A mai iyaka an ƙayyade adadin: a wasan 100 da 200, ana zubawa ko ƙarawa da 100 a zagaye biyu na farko, da 200 a biyun ƙarshe, kuma akwai iyakar yawan ƙarin da za a yi a zagaye ɗaya.

Wannan bambanci yana shafar amfanin zafin wasa. A wasa mai iyaka, idan mutum ya ƙara zuwa 200 kafin a buɗe katunan tsakiya, mai babban kuɗin dole 100 kawai zai cika don ya nemi 350 da ke tsakiya. Farashin yana da sauƙi, don haka ba kasafai yake janyewa ba, kuma hannaye da yawa sai an kai ga buɗe kati. A ƙaramin tebur mai iyaka dole ne har yanzu mutum ya faɗaɗa katunan da yake shiga da su, ya riƙa ƙari, amma ribar tana zuwa ne kaɗan-kaɗan cikin dogon zama. Katuna masu girma, irin su A ko K da wani abu, sun fi amfani a nan, domin suna iya cin hannu ko ba su haɗa komai ba. Ƙananan masu bin juna kamar 5 da 4 sun fi amfani a marar iyaka, inda dacewa ɗaya za ta iya kwashe duk kuɗin abokin karawa, kamar yadda ya faru da Brunson.

Ungar ya iya wasa mai iyaka, shaida ita ce nasararsa ta 1983 a Seven Card Stud. Amma ƙarfinsa ya fi bayyana a gasa marar iyaka, inda tsoro ke aiki a kan mutane. A dogon zaman kuɗi mai iyaka, wanda ke buƙatar haƙuri da sanin lokacin tashi, yakan fusata idan aka ci shi, ya shiga bin asara. Akan kwatanta shi da Chip Reese, wanda ya yi suna da natsuwa a irin waɗannan wasanni. A lokacin da Archie Karas yake kan ganiyar sa'arsa a Las Vegas a farkon shekarun 1990, an ruwaito cewa ya ci Ungar dala 500,000 a wasan Razz, ya ƙara cin 700,000 a Seven Card Stud, dukansu wasanni masu iyaka na mutum biyu.

Iyali da shaye-shaye

Ungar ya yi aure a 1982, suka haifi 'ya mace ɗaya, ya kuma riƙe ɗan matarsa na auren farko a matsayin ɗansa. Auren ya mutu a 1986. A 1989 yaron ya kashe kansa, abin da ya girgiza Ungar ƙwarai.

Ya fara shan hodar iblis ne bayan mutuwar mahaifiyarsa a ƙarshen shekarun 1970, da farko don ya iya kwana yana wasa, daga baya ta zame masa jaraba. A babbar gasar 1990 yana cikin waɗanda ke kan gaba sai aka same shi a sume a ɗakin otal saboda yawan abin da ya sha. Bai koma tebur ba. An ci gaba da cire kuɗin dole daga ƙwandalolinsa, amma yawansu ya sa kafin su ƙare sauran mutane sun fita, ya ƙare a matsayi na tara.

Rashin ɗaukar kuɗi da muhimmanci, wanda ya sa ba ya jin tsoro a tebur, shi ya cutar da shi a waje. Abin da ya ci a karta, inda ya fi kowa, yakan zuba shi a cacar wasanni da tseren dawaki da wasan golf, inda ba shi da wata fifiko. Waɗanda suka san shi sun kuma shaide shi da kyauta, yakan ba abokai da ma baƙi kuɗi masu yawa ba tare da lissafi ba.

Dawowar 1997

Zuwa 1997 Ungar ya talauce, bashi ya yi masa yawa, hodar kuma ta lalata masa hanci. Abokinsa Billy Baxter, wanda shi ma ƙwararren ɗan poka ne, ya biya masa dala 10,000 ana dab da rufe rajista. A ranar farko gajiya ta kusa kayar da shi, har yana gyangyaɗi a tebur. Daga rana ta biyu ya farfaɗo, ya riƙa tara ƙwandaloli har ya shiga teburin ƙarshe yana kan gaba da tazara. Yana sanye da tabarau mai shuɗin gilashi, yana kuma ɗauke da hoton 'yarsa.

Mutum 312 suka shiga gasar ta wannan shekara, kuma an buga teburin ƙarshe a waje, a kan titin Fremont. Ungar ya rage da John Strzemp. A hannun ƙarshe yana da A da 4, Strzemp kuwa A da 8. Katunan tsakiya suka fito A, 5, 3. Strzemp ya zuba, Ungar ya ƙara har ya rufe duk abin da Strzemp ke da shi, shi kuma ya biya yana kan gaba. Kati na huɗu 3 ne, na biyar kuma 2, wanda ya ba Ungar jerin A, 2, 3, 4, 5, irin wanda ya ci Brunson da shi shekara 17 da suka wuce. Ya sami dala miliyan ɗaya, suka raba da Baxter. Jaridu suka sake masa laƙabi da The Comeback Kid, wato yaron da ya dawo.

Mutuwa

Cikin 'yan watanni rabonsa ya ƙare a cacar wasanni da ƙwaya. A 1998 Baxter ya sake yi masa tayin biyan kuɗin shiga, amma Ungar bai fito ya kare kambunsa ba, saboda halin da shaye-shaye ya jefa shi. A watan Nuwamba na shekarar, mai gidan caca Bob Stupak ya ƙulla yarjejeniya da shi ta biya masa bashi da ɗaukar nauyin wasanninsa, ya kuma ba shi kuɗin somin-taɓi.

Ranar 22 ga Nuwamba, 1998, aka sami gawarsa a ɗaki a Oasis Motel, wani ƙaramin masauki mai araha a Las Vegas, da kimanin dala 800 a tare da shi. Binciken likita ya nuna ciwon zuciya ne ya kashe shi, wanda shekarun da ya yi yana shan ƙwaya suka haddasa. Abokan wasansa ne suka yi karo-karo aka yi jana'izarsa, aka binne shi a Las Vegas.

Bayan mutuwarsa

An sa sunansa a zauren karrama gwanayen poka, Poker Hall of Fame, a 2001. A 2003 aka fitar da fim a kan rayuwarsa mai suna High Roller: The Stu Ungar Story, inda Michael Imperioli ya fito a matsayinsa. A 2005 Nolan Dalla da Peter Alson suka wallafa tarihinsa mai suna One of a Kind, wanda aka gina a kan hirarrakin da Dalla ya yi da shi kafin ya mutu. Abin da ya ci a gasa kaɗai ya haura dala miliyan 3.

Salon da ake yi wa kallon ganganci a zamaninsa, wato shiga da katuna da yawa da yawan ƙari idan tebur ya ragu, ya zama abin da ake koyarwa bayan yaɗuwar poka a intanet, inda teburan mutum shida da na mutum biyu suka yi yawa. Haka kuma akan kawo rayuwarsa a matsayin misali idan ana maganar jarabar caca da ta ƙwaya a tsakanin ƙwararrun 'yan wasa.

Mundayen World Series of Poker da ya ci

1980: Texas hold'em marar iyaka, babbar gasa, dala 365,000
1981: Deuce to Seven Draw, dala 95,000
1981: Texas hold'em marar iyaka, babbar gasa, dala 375,000
1983: Seven Card Stud, dala 110,000
1997: Texas hold'em marar iyaka, babbar gasa, dala 1,000,000